Ledar da Auta Ta Ɓare

Litinin, 6 ga wata, da hantsi

Auta ba ta zo makaranta ba yau ma. Tun ranar Alhamis ba ta kwana a gida ba, tana can gidan ƙanwata. Uwar yara ta ce in ƙyale ta ta huce. Ta huce daga me? Ni dai ban san na ƙona kowa ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada gobe wani ya ƙara masa gishiri. Makarantar nan tawa ce. Ba gado na ci ba, ba kuma wani ne ya ɗaga ni ba. Sakandare kaɗai na yi, ita ma da ƙyar na ga ƙarshenta. Da wannan kan nawa na yi tallar katifa unguwa-unguwa har gashin tsakiya ya zube, na samu shago, shago ya haifi shago, sannan na gina ajujuwa. Har yau a kasuwa Mai Katifa ake ce mini, kuma ban taɓa jin kunyar sunan ba. Abin da ba na so shi ne a ce "makarantar Mai Katifa" da irin muryar nan ta raini. Shi ya sa na tura Auta kwalejin horar da malamai. In ta fito da takardarta, ita za ta zauna a kujerar nan, kowa ya kama bakinsa.

Bana kwalejin ta turo mini ɗalibanta su yi gwajin koyarwa, har da ita. Ni na je da ƙafata na roƙa a sa ta a nan. Saboda zuwansu na sayi kwamfutocin hannu, irin masu faɗin nan da ake taɓawa da yatsa, sababbi fil. Na sa kafinta ya yi musu kabad mai gilashi a ofishina, inda duk uban da ya kawo ɗansa zai gan su. Kowace da ledarta ta kamfani manne a fuska. Doka ɗaya na kafa: ba a ɓare ledar. Ɗaya tak.

Ranar Alhamis, a aji huɗu, Auta ta ɓare ta guda ɗaya. Na shiga na gyara al'amarin. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Talata, 7 ga wata, bayan azahar

Hedimasta ya shigo ofis yana murza hannu kamar mai jin sanyi.

"Yallaɓai, malamar kwaleji za ta zo duba su ranar Alhamis, ashirin da uku ga wata. Duk wanda ba ta gani a gaban aji ba, shekararsa ta tafi."

Na ce na sani.

"Kuma Auta ta turo mini saƙo. Wai ko maimaita shekarar ba za ta yi ba. Wai ta bar malanta."

Na ce tun yaushe 'yata ta fara tura maka saƙo ina raye?

Ya dubi silin. "Yallaɓai, a gaban yara ne fa."

"Mene ne a gaban yara?"

"Ba komai, Yallaɓai."

Mutumin kirki ne, amma in zai faɗi magana sai ya yi ta zagaye da ita kamar mai neman wurin ajiye mota a kasuwa. Za ta dawo. Ni na haife ta, na san zuciyarta, ba ta wuce tafasar ruwan shayi.

Laraba, 8 ga wata, da yamma

Ba ta dawo ba.

Alhamis, 9 ga wata, bayan an tashi

Na tara sauran ɗaliban kwalejin a ofis. Tun da aka fara zangon nan ba wanda ya zo ya ce a buɗe masa kabad sai ita kaɗai. Abin ya ishe ni. Yaran da ko a banɗaki waya na hannunsu, ko ruwa za su sha sai sun ɗauki hotonsa, amma an kawo musu na'urar koyarwa sun zama tsofaffi, sai alli, sai rubutu a allo kamar zamaninmu.

Na yi musu jawabi mai kyau. Na ce duniya ta tafi, wanda ya tsaya za a bar shi. Na ce ni a zamanina ko littafi ɗaya mu huɗu muke leƙawa. Duk suka sunkuyar da kai. Akwai wani dogon yaro a cikinsu, Dogo suke ce masa, shi ya fi su baki, amma yau ko tari bai yi ba.

Da na ga jawabi bai shiga ba, sai na ce duk wanda ya fi amfani da kwamfutocin nan kafin zango ya ƙare, katifa ce kyautarsa, mai tudu, ta gadon mutum biyu. Nan Dogo ya ɗago kai.

"Yallaɓai, da ledarta?"

Na ce da ledarta mana, sabuwa dal. Wata daga cikin 'yan matan ta toshe baki da gyale. Ban ga abin dariya ba.

Juma'a, 10 ga wata, da rana

Sun zo da safe sun karɓa. Raina ya yi fari. Na buɗe kabad da kaina, na miƙa wa kowa da hannu biyu, na nuna musu yadda ake riƙewa daga gefe. Can na zagaya ta bayan taga in gani.

A aji biyar an raba wa yaran layin gaba, kowa ya rungume tasa a ƙirji kamar jariri ranar wanka. A kashe suke. Malamar tana rubutu a allo da alli. Da ta hango ni sai ta ce, "Yara, ku ɗaga sama!" Suka ɗaga. Ta ɗauki hoto da wayarta. Kafin a buga ƙararrawa an dawo mini da su cif, ko ɗumin hannu ba su ɗauka ba.

Katifata suke so, ba aikin ba. Yaran yanzu.

Asabar, 11 ga wata, da la'asar

Ina zaune a falo. Zafi ake yi, bayana ya manne da ledar kujera, in na motsa sai ta yi ƙara. Gidan shiru. Auta ce mai waƙe-waƙe in tana wanke-wanke.

Mutane ba su san sana'a ba shi ya sa suke ganin kamar rigima nake. A wurinmu, katifa in ledarta ta yage, ko da a hannun ɗan dako ne tsakanin mota da ƙofar shago, ta tashi daga sabuwa. Ba wanda ya kwanta a kai, ko ƙuda bai sauka ba, amma mai saye zai kalle ta ya ce ta hannu ce. Leda ita ce shaida. Ita ke cewa wannan abu ba a taɓa shi ba, mai shi kuma ya san darajar kayansa. A kan wannan na gina duk abin da na mallaka. Yau kuma 'yar cikina za ta sa farce ta ɓare, fiiit, kamar ɓawon lemo, yara na tafi.

Na taho da wadda ta ɓare ɗin gida, da ledarta da na tsinta a ƙasan aji. Na shimfiɗa, na goge, na mayar a hankali, ina bi da gefen katin banki. Iska ta shiga ƙarƙashi, duk ta yi ƙuraje. Na ɗaga na sake. Ta ƙi. Ƙura ta riga ta kama gam ɗin.

Lahadi, 12 ga wata, da safe

Uwar yara ta kai wa Auta kaya a jaka. Na ga takalmanta na makaranta a ciki. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ce ba.

Litinin, 13 ga wata, bayan azahar

Yau na ga abin da ya hana ni cin abincin rana.

Ina wucewa ta bayan aji uku na ji shiru. Aji uku ba sa shiru ko ranar jarrabawa. Na leƙa. Duk yaran sun bar bencinsu sun yi dami a gaban tebur, wasu a kan gwiwa, wasu sun hau kafaɗar wasu. Dogo na tsakiya ya ɗaga wayarsa. Wayar da gilashinta ya tsage tun daga sama har ƙasa, an ɗaure bayanta da roba. Yana nuna musu yadda ƙwayar wake ke tsagewa a cikin ƙasa, saiwa ta fito, ganye ya buɗe, duk a ɗan lokaci. Wata yarinya ta ce, "Malam, a mayar baya!" Ya miƙa mata ya ce ta mayar da kanta. Da hannunta mai maiƙo. Ya miƙa mata!

Ga kabad cike da sababbi a ofis, taku kaɗan daga nan, aji guda na turereniya a kan fasasshiyar waya.

Na tsaya har ya gan ni. Nan take ya cusa wayar a aljihu ya ɗauki alli. Yaran suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji.

Ban ce a daina ba. Ni ban ce komai ba. Tsayawa kawai na yi.

Talata, 14 ga wata, da hantsi

Na kira Dogo shi kaɗai. Na ce ya zauna, ya zauna a bakin kujera.

"Kai, gaya mini gaskiya. Me kwamfutocina suka yi muku?"

"Ba komai, Yallaɓai. Kyawawa ne."

"Ba kyau na tambaye ka ba. Na ga ka iya. Na ga kana so. To me ya sa sai waccan gawar wayar taka?"

Ya yi dariya kaɗan, ya ga ban yi ba, ya haɗiye.

"Yallaɓai, in faɗa ba za a kai ni kwaleji ba?"

Na ce faɗi.

"Wayata in ta faɗi, tawa ce ta faɗi. Ba wanda zai kira sunana a taron safe. Na biyu, ledar nan akwai rubutun kamfani a tsakiyarta, yana rufe rabin hoto, kuma sai ka danna kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa kafin ta ji. Na uku, ba caji. Ka ce yawan caji na cinye batir."

"Yana cinyewa."

"To, Yallaɓai. Na huɗu, makulli na aljihunka, kai kuma da safe kana shago."

Na ce lissafi ka zo yi mini?

"Kai ka ce in faɗa, Yallaɓai. Mu fa a kwaleji a allo aka zana mana yadda ake koyarwa da na'ura. Mun zo nan muna murna za mu taɓa ta gaske. Wallahi ranar farko ko barci ban yi ba, na shirya darussa har na mako guda. Amma malamar kwaleji sau ɗaya za ta zauna a ajinka, darasi ɗaya, a kansa za ta yanke maka. In na'ura ta tsaya maka a gabanta, ga yara, ga mai makaranta a taga, ka mutu. Alli bai taɓa cewa batir ya ƙare ba."

Na ce amma Auta ta gwada.

"Ta gwada," in ji shi. Ya dubi ƙasa. "Duk muna bayan aji ran nan, mun zo mu ga yadda za ta yi, mu ma mu fara."

Ban san suna wurin ba. Ko na sani, ban lura ba. Na ce ya koma aji.

Yaro mai tsawo har ya yi yawa. Irinsu ba sa daɗewa a wurin aiki.

Laraba, 15 ga wata, da yamma

Bayan kowa ya tafi na rufe ofis, na sa guda biyu a caji, wadda ta ɓare da wata mai leda. Gwadawa kawai, don in ƙaryata yaron nan.

Mai ledar sai da na danna har farcena ya yi fari. Ɗayar kuwa, kafin yatsa ya gama sauka ta amsa, kamar mai jiran a kira ta.

Wataƙila daga kamfani aka yi ta da kyau fiye da sauran. Ana samun haka. A katifa ma ana samu.

Alhamis, 16 ga wata, da safe

Alhamis mai zuwa ce ranar malamar kwaleji. Hedimasta ya raba ajin Auta tsakanin malamai biyu. Yaran aji huɗu ba sa gaishe ni da ƙarfi kamar da.

Juma'a, 17 ga wata, da rana

Na kasa zama a makaranta, na tafi shago, na kasa zama a shago. Na yi wa mai shara faɗa a kan tsintsiya. Na yi wa direba faɗa a kan hanyar da ni na ce ya bi. Na kira lambar Auta, kafin ta shiga na kashe. Uba ba ya bin 'ya. In na fara yau, gobe sauran ma kowa ya ɗauki jaka.

Asabar, 18 ga wata, bayan la'asar

Ƙanwata ta zo shago. Ba ta ko zauna a kujerar baƙi ba, ta haye kan katifun da aka jera don nuni, ta miƙe ƙafa. Ita kaɗai ke yi mini haka a duniya.

"Yaya, ka rame."

Na ce zafi ne.

"Zafi ne. To 'yarka ta samu aiki a shagon sayar da waya. Ranar ɗaya ga wata za ta fara. Sun ce bakinta ya iya jawo mai saye, gado ta yi."

Na ce ba 'yata ba ce za ta tsaya bayan kantar shago tana kiran masu wucewa.

"Kai a bayan me kake tsaye yanzu?"

Na ce ki sauka daga kan kayana.

"Ba zan sauka ba. Ka san abin da ka ce mata?"

Na ce gyara na yi.

"Ka fizge abu daga hannun malama tana tsakiyar magana. Ka ce wa yara su yi layi su mayar da nasu cikin kwali. Sannan ka ce, 'Wanda bai taɓa sayen komai da guminsa ba, ba ya sanin darajar komai.' Ka ce, 'Wannan ba malama ba ce tukuna, koyo take, ku yi haƙuri da ita.' Ga yara, Yaya. Yara ka ba haƙuri a kanta."

Ban tuna na faɗi na biyun ba. Mutane suna ƙari.

"Mako guda ta yi tana shirya darasin nan," in ji ta. "Ta ce so take ka leƙo ta taga ka ga kuɗinka na aiki. Ka leƙo kuwa."

Ta sauka, ta bar mini rami a katifar sama. Na daɗe ina bubbuga wurin kafin ya taso.

Lahadi, 19 ga wata, da rana

Ina falo, uwar yara ta kawo mini ruwa ta juya za ta fita. Na ce ta zauna mana. Ta ce a'a, tabarmar tsakar gida ta fi mata.

Na ce kujeru irin waɗannan, ko gidan manya ba a fi su ba, ke kuma kullum tabarma.

Ta tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu. "Maigida, kujerun nan sun girmi Auta. Ka taɓa shigowa ka tarar da ɗanka ya yi barci a kan ɗaya?"

Na ce shi ya sa har yau suke sababbi.

"Sababbi ne kam," in ji ta. "Allah ya ba su mai zama."

Ta fita. Na zauna ni kaɗai. Ledar tana ta ƙara, ko numfashi na ja sai ta amsa.

Litinin, 20 ga wata, da magariba

Na bi ta layin gidan ƙanwata. Hanya ce kawai, ta nan ya fi kusa. Na ga gyalen Auta shanye a igiya. Direba ya rage gudu, na ce wa ya ce ka tsaya?

Na sa ya sake zagayowa. Ta nan ɗin ma hanya ce.

Talata, 21 ga wata, da yamma

Na je. Ba wajenta na je ba, ƙanwata na je dubawa, tana fama da ƙafa.

Auta na zaune a baranda tana tsince shinkafa. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ba ta rage komai ba, sai dai ba ta dube ni ba. Na tambayi aiki, ta ce lafiya. Na tambayi zafi, ta ce da sauƙi. Ƙanwata ta ce za ta duba tukunya, ta tsaya a bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta, ƙafar da ake cewa tana ciwo.

Na ciro makullin kabad na ajiye a gefen tire. Na ce aljihuna ya huje, ta riƙe mini.

Ta kalli makullin. "Ledar fa, Baba?"

Na ce abin da ke cikin kabad, mai makulli ya shafa.

"Caji fa?"

Na ce wuta ba tawa ba ce, ta kamfani ce.

Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Na ɗauka an gama. Har na fara gyara hula.

"Baba, ba makulli ne ya kore ni ba."

Na sauke hannu daga hular. Ta ƙara da cewa:

"In zan shiga ajin nan jibi, kada ka zo makaranta. Ba ofis ba, ba taga ba, ba bakin get ba. Har a tashi."

Na ce makarantata? Wadda na ɗora bulo a kan bulo? Ranar da baƙuwa daga kwaleji za ta zo, a ce mai makaranta ba ya nan?

"In kana nan, yaran kai za su kalla, su ga ko na yi daidai. Ni ma kai zan kalla."

Daga bayan labule aka ce, "Yaya, shago ma naka ne, je ka zauna a can."

Na tashi ban ce e ba, ban ce a'a ba. Amma ban ɗauki makullin ba. Mantawa na yi.

Laraba, 22 ga wata, da rana

Ta zo. Ta gaishe ni a ofis kamar kowane malami, "Barka da asuba, Yallaɓai." Yallaɓai! Ta buɗe kabad, ita da Dogo da 'yan matan nan suka kwashe komai zuwa aji huɗu. Kabad ya zama fayau, sai ƙurar da ta zana wurin kowace.

Lokacin hutun ƙarfe tara na ji su ta bango. Fiiit. Dariya. Fiiit. Wani ya ce, "A bar mini ɗaya in ɓare!" Na kunna fanka a lamba ta ƙarshe, duk da haka ina ji.

Hedimasta ya leƙo ya ce ko in sha magani, fuskata ta canza. Na ce ya je ya duba masu makara.

Alhamis, 23 ga wata, da sassafe

Na yi wanka, na sa manyan kaya, na sa turare. Uwar yara ta ce, "Shago ake wa wannan kwalliyar?" Na ce shago ba mutane ne ke zuwa ba?

Alhamis, da hantsi

Ina shago. Yanzu ta shiga aji, in malamar ba ta makara ba. Na sa an sauke katifun sama an mayar ƙasa, na ƙasa an mayar sama.

Alhamis, hantsi ya ɗaga

In batir ya ƙare fa? In wani yaro ya zauna a kan ɗaya? Akwai wani mai ƙiba a layin baya, ba ya duba wuri kafin ya zauna.

Na shiga mota. Na ce wa direba mu je. Ya ce ina? Na zauna riƙe da murfin ƙofa har kujerar ta yi zafi. Na ce gidan mai. Tankin a cike yake, shi ma ya sani. Muka je muka dawo.

Alhamis, bayan azahar

Wata mata ta zo sayen katifa, ta ce a yage gefen leda ta taɓa yadin ta ji. Yaran shago suka kalle ni suna jiran tsawa. Na ce ta taɓa. Ba ta saya ba ma.

Alhamis, da yamma

Sai da na tabbata an buga ƙararrawar tashi na je. Ko minti ban rage ba, kowa shaida ne.

Malamar kwaleji na bakin get tana shirin tafiya, 'yar ƙaramar mace da jaka ta fi ta girma. Hedimasta ya gabatar da ni. Na shirya maganar da zan yi mata tun jiya, a kan yadda duniya ta tafi. Ba ta ba ni fili ba.

"Kai ne mahaifinta? Kwamfutoci uku sun ɗauke mata a tsakiyar darasi. Ba ta ko girgiza ba, ta haɗa yaran bibbiyu ta ci gaba. Abin da nake nema ke nan. Ta wuce." Ta gyara jaka. "Makarantu da yawa da nake zuwa, a kabad nake tarar da irin waɗannan, an kulle kamar kayan gado. Ka kyauta da ka sake musu."

Na ce ai ni tun farko ra'ayina ke nan. Hedimasta ya kama tari.

Na shiga aji huɗu. Kwandon shara cike da leda. Kwamfutocin na kan tebur a jere, an sa su caji. Fuskar kowace ta yi dabbare-dabbare da yatsu, manya da ƙanana, har da wani abu mai kama da miya. Ɗaya ta ɗan tsage a kusurwa, kamar tsawon farce. Na gani. Auta ma, da ke tsaye a bakin tebur, ta ga na gani.

Na ciro hankici.

"Baba, bar shi. Gobe ma za su taɓa."

Baba ta ce, ba Yallaɓai ba.

Na mayar da hankicin aljihu. Na tambayi wa ya fasa. Ta ce, "Aji huɗu." Na ce wane a aji huɗu? Ta ce, "Aji huɗu, Baba." Ta rufe jakarta. Makullin na rataye a wuyanta da zare, ba ta yi alamar cirewa ba, ni ma ban tambaya ba.

Dogo ya leƙo ta taga, ta wurin da nake tsayawa. "Malama, gobe da safe ni ne da su, na riga kowa." Ya gan ni. "Yallaɓai, maganar katifa tana nan?"

Na ce ka fara aikin tukuna, sarkin tsawo.

A mota ta zauna a baya, jakar kayanta a kan cinya. Da muka iso ta shiga falo ta faɗa kan doguwar kujera don gajiya, ledar ta yi wata irin ƙara kamar an taka agwagwa. Ta ɗago ta dube ni. Uwarta ma ta dube ni daga bakin ƙofa.

Na ce makaranta daban, gida daban. Kada a wuce gona da iri.

Juma'a, 24 ga wata, bayan la'asar

Ta doguwar kaɗai na cire. Sauran suna nan yadda suke.

Yadin ashe ruwan ƙasa ne, ni duk shekarun nan ina ce masa ja. Auta na kai tana barci, da takalmi a ƙafa. Takalmi! Na buɗe baki, uwar yara ta ɗora yatsa a leɓe.

Na fito tabarma.